Kindirmo, yogot da garkuwar jiki: abin da ƙwayoyin cikinsu ke yi a hanji

Idan aka tafasa madara da yamma, aka bar ta ta huce, aka zuba mata ludayi guda na kindirmon jiya aka rufe da faifai, kafin gari ya waye ta kama. Ludayin nan yana ɗauke da biliyoyin bakteriya masu rai, su ne suka kwana suna cin laktos, wato sukarin da ke cikin madara, suna mayar da shi tsami. Ma'aunin pH, wato lambar da ke sauka yayin da tsami ke ƙaruwa, yana wajen 6.6 a ɗanyar madara. Da ya sauko zuwa 4.6 sai furotin ɗinta ya dunƙule, abin da muke gani a matsayin kauri ke nan. Duk wanda ya sha kofi guda da safe ya haɗiye waɗannan halittu da ransu, kuma za su isa wurin da sojojin jiki suka fi taruwa, wato bangon hanji.

Ba yau aka fara tunanin suna da amfani ba. A 1905 wani ɗalibin likitanci ɗan Bulgeriya, Stamen Grigorov, ya gano bakteriyar da ke tsamar da nonon ƙasarsu a wani ɗakin bincike da ke Janeba. Élie Metchnikoff na Cibiyar Pasteur a Faris, wanda ya samu kyautar Nobel a 1908 kan yadda fararen ƙwayoyin jini ke haɗiye ƙwayoyin cuta, shi ya yayata ra'ayin cewa shan tsamin nono ne sirrin tsawon ran manoman Bulgeriya. Hasashensa ya zarce hujjarsa, amma ya buɗe ƙofa. A 1930 Minoru Shirota ya ware wata bakteriya a Kyoto wadda aka fara sayarwa da sunan Yakult a 1935, sannan a 1983 Sherwood Gorbach da Barry Goldin suka ware wadda ake kira LGG a Amurka.

Kalmar furobayotik tana da ma'ana ƙayyadaddiya, kuma masu talla sun fi kowa wasa da ita. A 2001 ƙwararrun da Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka tara a Ajantina sun ce furobayotik ƙwayoyi ne masu rai waɗanda idan aka sha su da isasshen yawa suke amfanar lafiya. Sharuɗɗa uku ke nan: rai, yawa, da amfanin da aka gwada aka gani. Na ukun ya rataya ne a kan takamaiman iri. Bunaji da Rahaji da Gudali duk shanu ne, amma makiyayi ya san ba ɗaya suke ba wajen nono da jure fari. Haka bakteriya biyu za su iya ɗaukar suna ɗaya, Lactobacillus rhamnosus, ɗaya tana manne wa bangon hanji ɗayar tana wucewa kawai. Shi ya sa harufa da lambobin da ke bayan sunan, irin su GG ko BB-12, suka fi sunan kansa muhimmanci. A 2020 ma an sake raba dangin Lactobacillus gida 25, don haka kada ka yi mamakin ganin Lacticaseibacillus a jikin roba, tsohuwar ce ta sake suna.

Hanyar da suke bi kafin su isa

Ciki wuri ne mai tsananin tsami. Idan babu abinci, pH ɗinsa kan sauka ƙasa da 2, abin da ke hallaka yawancin bakteriya cikin ɗan lokaci. A nan nono ya yi wa ƙwayar magani fintinkau: furotin da kitsen madara suna rage kaifin tsamin, su yi wa ƙwayoyin rumfa har su fice. Shan kindirmo tare da abinci ya fi shansa da sassafe ciki wayam, idan rayuwar ƙwayoyin ake nema.

Bayan ciki sai ƙaramin hanji, inda ruwan matsarmama ke jiransu. Aikinsa narka kitse, fatar bakteriya kuwa da kitse aka gina ta. Biyun da ake yin yogot da su, Streptococcus thermophilus da Lactobacillus bulgaricus, ba su da juriya sosai a nan, kaɗan ne ke fita da rai. Irin su LGG da Shirota da BB-12 an zaɓe su ne musamman don suna tsallake wannan shinge.

Waɗanda suka tsira suna isa babban hanji su tarar da gari cike. An ƙiyasta bakteriyar da ke jikin baligi ta kai tiriliyan 38, kusan dukkanta a babban hanji. Kofin yogot mai giram 200 da ke da miliyan 100 a kowane giram yana kawo biliyan 20. Ko da duk sun iso lafiya, baƙo ɗaya ne a cikin 'yan gari kusan 2,000. Kuma ba sa samun wurin zama. Wani bincike da aka yi a Amurka a 2011 kan tagwaye mata ya nuna cewa cikin mako 2 da daina shan nonon, ƙwayoyin sun ɓace daga bayan gidan mafi yawansu. 'Yan ci-rani ne: suna aiki muddin suna nan, idan aka daina kawo su, aikin ya tsaya. Wanda ya sha yogot sau ɗaya a wata yana jiran garkuwa, daɗi kawai ya sha.

Abin da ke faruwa a bangon hanji

Tsakanin abin da ke cikin hanji da jinin mutum shimfiɗa ɗaya tak ce ta ƙwayoyin halitta, faɗinta idan aka baje ya kai murabba'in mita 30. A kanta akwai yauƙi mai kama da majina, a ƙarƙashinta kuma sojojin jiki ne jibge. Matsalarsu mai wuya ce: dole su bar tuwo da miya da bakteriyar gida su wuce lafiya, su kuma kama taifot da kwalara. Idan suka yi sakaci cuta ta shiga. Idan suka cika zafin kai sai kumburin hanji da borin jini su biyo baya. Don haka maganar "ƙara ƙarfin garkuwa" da ake rubutawa a talla ba ta da ma'ana a likitance. Abin da ake buƙata garkuwa mai saiti.

A ƙarshen ƙaramin hanji akwai wasu curi-curi da ake kira facin Peyer. A samansu akwai ƙwayoyin halitta na musamman da ke ɗebo samfurin duk abin da ke wucewa su miƙa wa 'yan leƙen asirin garkuwa, waɗanda ake kira dendiritik. Su kuma suna shinshina fatar bakteriyar da wasu na'urori da ke jikinsu, su yanke hukunci. Wasu nau'o'in bakteriyar nono suna sa su fitar da saƙon kwantar da hankali, kamar sinadarin IL-10, su ƙara yawan ƙwayoyin T masu hana garkuwa wuce gona da iri. Wasu kuma akasin haka suke yi, suna zaburar da IL-12 da ƙwayoyin NK masu farautar ƙwayoyin halittar da bairos ya shiga. Iri biyu masu suna ɗaya na iya ja ta fuskoki biyu mabambanta.

Daga waɗannan curi-curi ne ake ba da umarnin kera IgA, makamin da jiki ke zubawa cikin yauƙin hanji, kimanin giram 3 zuwa 5 a kullum, fiye da duk sauran ire-irensa a haɗe. IgA ba ya kisa. Yana lulluɓe ƙwayar cuta ne ya hana ta mannewa, sai ta bi bayan gida. Abin sha'awa, ƙwayoyin da aka horar a hanji suna shiga jini su je su zauna a hanci da maƙogwaro da huhu da maman mai shayarwa. Wannan ce hanyar da abin da aka sha zai iya taɓa mura, ko da yake bai je hanci ba.

Akwai kuma aikin da ba ya buƙatar sojoji. Tsamin da suke fitarwa yana takura wa ƙwayar cutar Salmonella da danginta. Wasu suna fitar da guba mai kashe abokan gabarsu, misali nisin na Lactococcus lactis, wanda har masana'antun abinci ke amfani da shi. LGG tana fitar da furotin biyu, p40 da p75, waɗanda a gwajin ɗakin bincike suke ƙarfafa ɗinkin da ke tsakanin ƙwayoyin bangon hanji. Sannan bakteriyar gida tana karɓar tsamin laktik ta mayar da shi butiret, wanda shi ne babban abincin ƙwayoyin bangon babban hanji, kuma yana taimakon ƙwayoyin T masu sassauci. Sai dai a riƙe cewa yawancin wannan bayani daga ɓeraye da kwalaben gwaji aka samo shi.

A jikin mutane fa?

A nan labarin ya fi sanyi. A Helsinki ta ƙasar Finlan an bi yara 571 na gidajen reno tsawon wata 7 na hunturu, rabi suna shan madara mai LGG, rabi madara zalla. Sakamakon da aka buga a 2001 ya nuna masu LGG sun yi fashin kwana 4.9 saboda rashin lafiya, sauran kwana 5.8. Da aka yi la'akari da bambancin shekarun yaran, tazarar ta ƙara raguwa. Kwana guda ke nan ko ƙasa da haka a cikin wata 7. Amfani ne, amma bai kai abin da za a yi wa kiɗa ba.

A Landan, a 2007, an ba tsofaffi 135 da ke kwance suna shan antibayotik wani abin sha na nono mai Lactobacillus casei. Kashi 12 cikin 100 na masu sha suka yi gudawa, a ɗaya ɓangaren kashi 34. Amma a 2013 wani gwaji mafi girma a Birtaniya, mai tsofaffi kusan 3,000 da wasu nau'o'in daban a cikin kafso, bai ga bambanci ba. A 2018 gwaje-gwaje biyu a Amurka da Kanada, kowanne da yara wajen 900 masu amai da gudawa, sun tarar furobayotik bai rage tsawon ciwon ba. Saboda haka yaron da ke gudawa maganinsa na nan yadda yake: ruwan gishiri da sukari na ORS, da zinc na kwana 10 zuwa 14. Kindirmo mai tsafta abinci ne mai kyau gare shi a lokacin, ba madadin waɗannan ba.

Wanda ya fi jan hankalina shi ne na Jami'ar Stanford a 2021, domin abinci aka gwada ba kafso ba. Mutum 36 aka raba biyu na mako 10. Rukunin da ya riƙa cin abinci mai tsami, yogot da kefir (wani irin nono mai tsami) da kayan lambu da aka tsamar, har sau 6 a rana, an ga ire-iren bakteriyar hanjinsu sun ƙaru, sinadaran kumburi 19 a jininsu sun ragu, ciki har da IL-6. Mutanen kaɗan ne, kuma jini aka auna ba yawan rashin lafiya ba, amma ya nuna cewa yawa da dawwama su ne ke aiki.

Hukumomi ma ba su saki jiki ba. Hukumar kula da abinci ta Tarayyar Turai ta ƙi amincewa da da'awar garkuwa ga duk furobayotik ɗin da aka kawo mata. Abu ɗaya ta yarda da shi a 2010: yogot mai aƙalla ƙwayoyi miliyan 100 masu rai a giram yana taimaka wa masu wahalar narka laktos. Wannan ya shafi mutanenmu da yawa, waɗanda madara ke sa wa ƙugin ciki amma kindirmo bai dame su ba. A shekarar ce kuma kamfanin Dannon ya biya dala miliyan 21 ga jihohi 39 na Amurka bayan an ƙalubalanci tallansa, ciki har da cewa abin shansa na nono mai suna DanActive na kare mutum daga mura.

Nonon ruga da yogot na shago

Kindirmo da tsala ba su da takamaiman iri mai lamba, don haka a ƙa'ida ba za a kira su furobayotik ba. Amma cike suke da dangin waɗannan ƙwayoyi. Binciken da aka yi kan nunu na arewacin Gana, wanda ɗan uwan nononmu ne, ya tarar Lactobacillus fermentum ce ta fi rinjaye, tare da wasu masu tsami da yis iri-iri. Kowace ƙwarya da nata jama'ar, gwargwadon irin da uwargida ke juyawa.

Inda gizo ke saƙar shi ne tafasawa da ruwa. Tsami yana rage ƙwayoyin cuta amma ba ya gamawa da su. Ƙwayar tarin fuka ta shanu da ta bakkale, ciwon da ke sa saniya ɓari kuma ya sa mutum zazzaɓi mai tafiya yana dawowa da ciwon gaɓɓai, suna iya kwanaki a cikin nonon da ba a tafasa madararsa ba. Sannan nonon da aka sirka da ruwan rafi ko na rijiya aka kauraɗa da garin 'ya'yan kuka ya ɗauki duk abin da ke cikin ruwan. Ƙanƙarar da ake jefawa a fura ita ma ruwa ce, a tambayi daga ina take. A ganina duk wata fa'idar garkuwa da ake nema a nono ba ta kai asarar taifot guda ba.

Na shago kuma matsalarsa rai. Ƙa'idar abinci ta ƙasa da ƙasa da ake kira Codex ta ce yogot ya kasance da aƙalla ƙwayoyi miliyan 10 a giram har ranar ƙarewar wa'adinsa, idan kuma an rubuta sunan wata ƙarin bakteriya a jiki, ita ma ta kai miliyan 1. Wanda ka gani a kan kanta ba firij, da wa'adin wata 6, an sake dafa shi bayan ya yi tsami, ba mai rai a ciki. Wanda ke firij amma wuta na ɗaukewa yana ɗumi yana sanyi, tsaminsa na ƙaruwa yana kashe ƙwayoyin, Bifidobacterium, wata bakteriya mai amfani da ake ƙarawa a wasu yogot, ita ce ke fara mutuwa. Robar da ta kumbura alamar yis ce ko gurɓata, a ajiye ta.

Yin sa a gida

Ga lita 1 ta madarar shanu, a tace ta, a ɗora a wuta ta kai digiri 85 zuwa 90 a riƙe ta nan minti 20 zuwa 30 ana juyawa. In babu ma'aunin zafi, a bari ta taso sau ɗaya a rage wuta ta yi minti 5. Wannan yana kashe ƙwayoyin cuta, yana kore iskar da ke cikin madarar, yana kuma sauya furotin ɗin yadda kindirmon zai yi kauri ya riƙe ruwansa. Mai amfani da madarar gari ya dama giram 130 zuwa 150 a lita 1 ta ruwa, shi ma ya dafa.

A sauke, a rufe, a bari ta sauko digiri 42 zuwa 45. Ɗigo a bayan hannu zai ji ɗumi sosai amma ba ƙuna. A nan aka fi yin kuskure: zuba iri a madara mai zafi yana kashe shi nan take. Babban cokali 2 na iri ya isa lita guda. A fara dama shi da ɗan madarar a kofi, sannan a juye. Ƙara yawan iri ba ya ƙara kyau, sai dai ya kawo gudaji da tsami mai kaifi.

Irin yogot na shago yana son zafin 42 zuwa 43 na awa 4 zuwa 6, don haka a sa a kula ko filas ko a naɗe da bargo. Irin kindirmo ya saba da zafin ɗaki, yana kamawa cikin awa 8 zuwa 12. Lokacin sanyi yana jinkiri, a bazara kuwa kafin ka ankara ya zarce. Kada a motsa mazubin yana cikin kamawa. Da ya kama a kai shi sanyi, digiri 5 ko ƙasa, a sha cikin mako guda. Sukari a bari sai za a sha.

Idan ya tsattsafo da ruwa a sama, ya daɗe a ɗumi ne ko an girgiza shi, ba lalacewa ba ce, kuma ruwan abin sha ne. Idan ya yi ramuka da kumfa da wari, baƙin ƙwayoyi sun shiga ta hannu ko mazubi, a zubar. Idan ya wuce awa 12 bai kama ba, shi ma a zubar, domin madara mai ɗumi da ba ta yi tsami ba gona ce ga ƙwayar cutar Staphylococcus, wadda gubarta ko an sake tafasawa ba ta mutuwa. Dalilin ƙin kamawa uku ne galibi: iri ya mutu, wuri ya yi sanyi, ko an yi wa saniyar allurar antibayotik kwanan nan. Ɗan ragowar fenisilin da ba ya ko ɗanɗanuwa ya isa ya tsayar da Streptococcus thermophilus cak.

Mai juya irin yogot na furobayotik daga tukunya zuwa tukunya ya sani cewa bayan zagaye 3 ko 4 masu saurin haihuwa sun danne wadda ya saya dominta, sai ya sake sabo. LGG ma ba ta iya cin laktos sosai, ita kaɗai ba ta kama madara. A Yuganda gidauniyar Yoba for Life ta warware wannan ta hanyar haɗa kwafinta da wata Streptococcus thermophilus a cikin ƙunshin giram 1 da ke isar lita 100, ƙananan masu sarrafa nono suna yi suna sayarwa. Tsari ne da zai zauna daidai a hannun matan da ke sana'ar kindirmo a ƙasar Hausa.

Fura kuma ba rakiya kawai take yi ba. Dusar gero da sitacin da ya dahu ya huce suna wucewa har babban hanji, su ne abincin bakteriyar da ke samar da butiret. Geron da ba a surfe shi fes ba ya fi amfani ta wannan fuska, haka wake da zogale da kuɓewa.

Masu shan magani su lura: alli da ke cikin nono yana kama tetracycline da ciprofloxacin ya hana su shiga jini, don haka a raba su da aƙalla awa 2, ko yadda likita ya faɗa.

Akwai kuma waɗanda ƙwayoyi masu rai ke iya yi wa illa. A Holan, a 2008, an ba masu matsanancin kumburin fankiriyas (wata gaɓa a ciki mai taimakon narka abinci) furobayotik ta bututu, kashi 16 cikin 100 suka rasu, a rukunin da ba a ba su ba kashi 6. A 2023 hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna a Amurka ta yi gargaɗi kan ba bakwaini furobayotik bayan wani jariri ya rasu sakamakon ƙwayar ta shiga jininsa. Mai shan maganin kansa, wanda aka yi wa dashen ƙoda, mai ƙanjamau da garkuwarsa ta yi ƙasa sosai, da mai bututu a jijiya, kada su sha kafso ko garin furobayotik sai da izinin likitansu, kuma su nisanci nonon da ba a tafasa ba kwata-kwata.

Jariri ɗan ƙasa da wata 6 ba ya buƙatar ko ɗaya daga cikin waɗannan. Nonon uwa yana zuwa da IgA ɗinsa, da wasu sukari na musamman da jaririn ba ya narkawa, Bifidobacterium ɗin hanjinsa ce ke cinye su. Daga wata 6 za a iya fara ba shi ƙaramin cokali 2 ko 3 na kindirmon da aka yi da tafasasshiyar madara a cikin kununsa, ba sukari, zuma kuwa sai ya cika shekara.